Ɗakin Yadi da Ake Shiga Cikinsa: Yadda Ɗalibin Fasaha Yake Haɗa Shi

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ɗaki da kuke gani babu hoto ko ɗaya a bangonsa, amma daga sama har ƙasa cike yake da dogayen ƙyallaye masu launin baba, an rataye su layi-layi, ta yadda duk wanda ya shigo sai ya ratsa tsakaninsu suna shafar kafaɗarsa. Irin wannan aiki ya bambanta da zanen da ake tsayawa daga nesa a kalla, domin shi sai an shiga cikinsa da ƙafa, an ji ƙanshinsa, an ga yadda haske yake sauyawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kafin a ce an gan shi. Yau za mu bi yadda ɗalibin fasaha a Zariya zai haɗa irinsa, tun daga awon ɗaki har ranar kwancewa.

A duniya an san wannan salo sosai. A bikin baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, a shekarar 2015, Chiharu Shiota 'yar ƙasar Japan ta cika zaure da jan zare, ta rataye dubban makullai a jikinsa a kan tsofaffin jiragen ruwa biyu. Sai dai ɗalibin Samaru, unguwar jami'a a Zariya, ba ya bukatar ya fara da kwaikwayon na nesa. Tun a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne a haɗa dabarar da aka koya a aji da gadon da aka taras a gida. Gadon Zazzau kuwa a fannin tufa ba ɓoyayye ba ne, ga rini, ga saƙa, ga ɗinkin babbar riga irin aska takwas wanda har yau ake yi da hannu a zaurukan cikin birni.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su fara da sayen yadi. Ɗakin ne ya kamata ya zo farko. A auna tsawonsa da faɗinsa da tsayin rufinsa, a duba inda ƙofa take da inda taga take shigo da rana da safe da kuma bayan la'asar, sannan a zana a takarda hanyar da ake so baƙo ya bi. A ina zai tsaya? A ina hanya za ta matse shi, a ina za ta buɗe masa? Wannan hanya ita ce ƙashin bayan aikin, kuma kada faɗinta ya gaza mita ɗaya, domin mai keken guragu da dattijo mai sanda su ma su iya wucewa. Daga nan sai a haɗa ƙaramin samfuri da kwali, a ce kowace santimita 5 tana wakiltar mita ɗaya, a rataye guntayen ƙyalle a ciki, a haska da tocilar waya. Abin da wannan ɗan kwali zai nuna wa ɗalibi cikin yini guda, da a ɗaki na gaske ne sai ya ci masa makonni da kuɗi masu yawa.

Samfurin ne kuma yake ba da lissafi. Idan tsayin rufi mita 3 ne, kowane ƙyalle zai ci kusan yadi uku da sulusi, to ƙyalle 40 ya haura yadi 130 ke nan, ba a sa kalmasa ba, ba a kuma sa abin da auduga take ragewa idan ta sha ruwa ba. Da wannan adadi a hannu ake shiga kasuwar Sabon Gari. Akoko da alawayyo sun fi dacewa da aljihun ɗalibi, kuma da yake auduga ce suna kama rini, saɓanin yadin roba wanda baba ba ya zama a jikinsa yadda ya kamata. Tilas a wanke sitatin da ke jikin sabon yadi kafin a kai shi marina, in ba haka ba launin zai fito dabbare-dabbare.

A marina ne aikin yake samun ransa, don haka bari mu ɗan daɗe a nan. Ana haɗa baba da toka da katsi, wato lakar ƙasan rijiyar rini da aka busar aka ƙona, a cikin ruwa, a bar su kwanaki har su ruɓa su nuna, kuma marini yana gane haka ta kumfa da warin da suke tashi. Ku lura da wannan ƙyalle da aka tsamo yanzu: kore-kore ne, amma da iska ta buge shi sai ya juye shuɗi a gaban idonku, domin sinadarin da ke cikin baba sai ya haɗu da iska yake komawa launinsa na asali ya maƙale a zare. Ba daɗewa a cikin ruwa kaɗai ke sa duhu ba, yawan tsomawa da shanyawa ne. Wannan ita ce damar da mai fasaha yake da ita. Zai iya sa a tsoma wasu ƙyallaye sau ɗaya, wasu sau huɗu, wasu har su kusa zama baƙi, sannan ya jera masu haske a bakin ƙofa, masu duhu a ƙurya, ta yadda mai shiga zai ji kamar yana gangarawa cikin rijiyar rini. A ganinmu wannan ya fi a cika ɗaki da launuka goma da ba su da abin faɗa. Kuma ya kamata ɗalibi ya zauna da marinin ya saurare shi, ya biya shi haƙƙinsa, ya kuma rubuta sunansa a takardar bayanin aikin idan ya amince, tunda hannunsa ne ya yi shuɗi.

Wani abu da ake mantawa shi ne baba yana zuba. Idan ba a ɗauraye ƙyallen sosai ba, malamin da ya zo duba aikin da farar riga zai fita da shaidarsa a kafaɗa. Gwajin mai sauƙi ne, a goga farin hankici a jikin busasshen ƙyallen a gani.

Wajen ratayewa, kada a dogara da silin, domin ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. A nemi izinin sashe, a sa mai walda ko kafinta ya haɗa firam ko a ja waya mai ƙarfi daga bango zuwa bango, a ɗaura ƙyallayen da zaren kamun kifi wanda ido ba ya saurin gani. A bar tazarar yatsu huɗu tsakanin bakin yadi da ƙasa saboda ƙura, musamman idan baje kolin ya faɗo cikin hunturu. Iskar hunturun ma tana da amfaninta, domin taga ɗaya da aka buɗe kaɗan ta isa ta sa ɗakin gaba ɗaya ya riƙa motsi a hankali ba tare da fanka ba.

Haske kuma a yi hattara da shi. Auduga busasshiya tana kama wuta da sauri, saboda haka ba a sa kyandir ko turaren wuta a ciki, ƙwan LED wanda ba ya zafi sosai shi ake amfani da shi, a nesanta shi da yadi, a kuma tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar lantarki. Idan aka ajiye fitilar a bayan ƙyalle, saƙar zaren tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, inuwar masu wucewa kuma ta zama wani ɓangare na aikin.

Kwana biyu kafin buɗewa, a gayyato mutum uku ko huɗu da ba su san komai game da aikin ba, a bar su su shiga, ɗalibi ya tsaya gefe ya yi shiru yana kallon inda suka yi turus da inda suka wuce da sauri, ya gyara jerin bisa abin da ya gani. Kafin a kwance kuma a ɗauki hoto da bidiyo, ɗakin babu kowa da kuma lokacin da mutane suke ciki, domin da zarar an yanke zaren ratayar, abin da zai rage shi ne yadi 130 a naɗe cikin buhu, sai kuma waɗannan hotuna da ɗalibin zai sa a kundin aikinsa na kammala karatu.