Daga Ina Hadarin Kano Yake Tasowa?

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo yau kan yadda iska da hadari ke tafiya, in lokaci ya bari.

Na farko, rana. A yankin ikwaita, wato layin da ya raba duniya kudu da arewa, zafinta ya fi bugun teku, sai iska ta yi ɗumi ta tashi sama ɗauke da tururi, ta haɗa hadari ta zubar. Can sama sai ta rabu kudu da arewa, ta sauko a bushe wajen Sahara, ta sake dawowa ta ƙasa. George Hadley ya fara bayanin wannan zagaye tun 1735. To wadda ke dawowar nan ita ce iskar hunturunmu.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wurin nan nake so. Bujin nan da ke rufe Dutsen Dala a Janairu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, jirgi ya kasa sauka, kun san daga ina yake? Da yawansa daga kwarin Bodele ne a Chadi. Da can ƙasan tafki ne, ruwa ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Iska ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwasa. Ƙasan tafki fa, jama'a! Ƙasan tafki kuke sharewa a tsakar gida. Kuma ba a Kano take tsayawa ba, tana ƙetare Atilantika har dajin Amazon, ta zame masa taki. Hajiya na ga kina dariya, mai shara ce ta san yawanta.

Na uku... a'a, ban yi na biyu ba ko? Teku. Iskar gabas na tura ruwan ɗumi na Fasifik zuwa Indunisiya, mai sanyi ya taso a gaɓar Peru da abincin kifi. In iskar nan ta yi rauni, shi ne ake kira El Nino, kamar na 1982 zuwa 1983, damina ta rikice a ƙasashe da dama.

Na'am, Malam? Ya ce in danshi daga tekun kudu yake zuwa, me ya sa hadarinmu ke tasowa daga gabas? Wallahi ka yi tambaya. Iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa ce ke kawo danshi daga Tekun Gini, amma sama da ita, wajen kilomita 3, akwai wata mai ƙarfi daga gabas, ita ke kora hadarin yamma. Wani ma sai ya wuce Senegal ya faɗa teku, ya zama guguwar da ke afka wa Amurka. An kira sallah, mu tashi.