Sikelin da ke tona asirin ƙwaya

Shekarar 1988, gasar Olamfik a birnin Siyol. Ben Johnson ya cinye tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, bayan kwana uku aka ƙwace zinaren. Fitsarinsa ne ya tona masa asiri, an ga maganin ƙara ƙarfi na stanozolol a ciki.

Na'urar da ta kama shi sunanta mas sifektiromita. Ku ɗauke ta a matsayin sikeli, sai dai abin da take aunawa ido ba ya ganinsa. Tana ɗora wa ƙwayar sinadari cajin lantarki, ta wurga ta cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ta farfasa ta, sannan ta auna gutsattsarin. Kowane magani da irin fashewarsa, kamar zanen yatsa.

A da sai an mayar da samfur tururi, wasu sinadaran kuwa zafi lalata su yake yi. Wani masanin sinadarai, John Fenn, ya kawo mafita: a feso ruwan samfurin ta bakin siririyar allura mai ɗauke da lantarki. Da wannan ya samu kyautar Nobel a 2002. A 2005 wata sabuwar irin wannan na'ura, Orbitrap, wadda Alexander Makarov ya ƙirƙiro, ta shigo kasuwa, mai iya raba sinadarai biyu da nauyinsu ya kusa zama ɗaya.

Me ya sa ake wannan wahalar? Masu haɗa ƙwaya a ɓoye ba barci suke ba. Sai su sauya wani ɗan sashe na ginuwar fentanil, wani maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi da miligiram 2 nasa kan iya kashe mutum, ya fito da sabuwar kama. Tsinken gwajin ƙwaya na yau da kullum abin da aka koya masa kawai yake nema. Ita kuwa sabuwar na'ura duk abin da ta gani sai ta rubuta, ko bayan shekara a koma a bincika.

Yanzu kuma akwai wata 'yar takarda mai kusurwa uku da ake sawa a bakin na'urar. Ɗigon jini ɗaya, ɗan ruwan sinadari, a jona lantarki, cikin 'yan mintoci sakamako ya fito. Har akwai na'urorin da ake ɗauka a hannu.

Amma fa sikeli sikeli ne. Sinadarai biyu na iya zama da nauyi ɗaya sak, su bambanta a tsarin ginuwa kawai. Irin waɗannan sai an fara tace su ta dogon bututu, a ga wanda ya riga fitowa.