Yadda Kwamfuta Ke Zana Ƙarfen Gyaran Muƙamuƙi

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku sa yatsa a gaban kunne, ku buɗe baki ku rufe. Abin da kuka ji yana motsi shi ne kan muƙamuƙin ƙasa, ƙashi ɗaya tilo a kai da ke motsi don tauna da magana. Idan ƙari ya cinye shi, musamman wanda likitoci ke kira amelobilastoma, ko hatsarin kabu-kabu ya farfasa shi, dole a cire ɓangaren da ya lalace a cike gurbin.

A da, likitan fiɗa ne ke lanƙwasa ƙarfe da hannu, majinyaci na kwance an sumar da shi. Lanƙwasawa da miƙewa na raunana ƙarfen, kuma nan yake karyewa daga baya. Yanzu ana zana shi tun kafin ranar aiki, daidai da fuskar mutum ɗaya, kamar yadda tela ke yanka riga da awon mai ita.

Komai daga hoton sikana yake farawa, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki. Ana so kaurin kowane yanki na hoton ya zama milimita 1 ko ƙasa da haka, kai bai motsa ba, haƙoran sama da na ƙasa suna haɗe yadda suka saba. A kwafo asalin bayanan na'ura, wato DICOM. Hoton da aka wanke a leda, ko wanda aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp, ba ya aiki ko kaɗan. Ko a Maradi aka ɗauka ko a Yamai, bayanan za su iya zuwa wurin injiniya ta intanet, majinyaci na gida. Amma idan an ɗauka da yanki mai kaurin milimita 5, gefen ƙashin zai fito kamar matakala, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan.

Sai a ware ƙashi daga nama. Manhaja irin 3D Slicer, wadda kyauta ce, tana duba hasken kowane ɗigo ta ce wannan ƙashi ne, wancan tsoka ce. Da hannu aikin na cin awanni. Manhajar da aka horar da hotunan muƙamuƙai masu yawa tana gamawa cikin mintoci. Wuri uku take yawan tuntuɓe. Haƙorin Makka ko cikon ƙarfe na watsa haske ya ɓata hoton kewayensa. Ƙashin da ƙari ya sirantar kamar ɓawon ƙwai sai ta ɗauke shi nama. Haƙoran sama kuma sai ta manne su da na ƙasa su zama dunƙule ɗaya. Dole mutum ya bi yanki-yanki ya duba.

Likita ne ke nuna inda za a yanke, galibi santimita 1 zuwa 1.5 bayan iyakar ƙarin. Wannan ba shawarar kwamfuta ba ce.

To da me za a cike gurbin? Idan gefe ɗaya ne ya lalace, manhaja ta juyo siffar gefe mai lafiya kamar a madubi. Idan ciwon ya tsallaka haɓa, madubi bai da amfani, sai ta ƙiyasta siffar daga muƙamuƙan da aka koya mata. A nan akwai abin lura: idan fuskokin da ta koya ba irin namu ba ne, haɓar da za ta zana na iya zama ta wani.

Gurbi mai tsawo ba a barinsa da ƙarfe tsura, ana so a sa ƙashi mai rai. Tun 1989, da likita David Hidalgo ya bayyana dabarar a Amurka, siririn ƙashin ƙwauri ake yawan ɗaukowa tare da jijiyar jininsa. Yakan ba da kusan santimita 25, a bar aƙalla santimita 6 wajen idon sawu don kada ƙafa ta yi rauni. Shi miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe, don haka manhaja ke lissafa gida nawa za a raba shi da kusurwar kowane yanka. Guntun da bai kai santimita 2 ba na iya rasa jini ya mutu. Daga lissafin ake buga jagorar yanka ta roba, wato na'ura ta ƙera ta daga zanen kwamfuta, a ɗora ta kan ƙashi, mai tsaga inda zarto zai bi.

Ƙarfen riƙon kansa titaniyom ne, kaurinsa wajen milimita 2 zuwa 2.5, da sukuru uku ko huɗu a kowane gefe. Manhaja na zaɓar musu wuri mai ƙashi mai kauri, nesa da saiwar haƙora da jijiyar da ke ratsa cikin muƙamuƙi. A huda ta, leɓen ƙasa ya daina ji, wani lokaci har abada. Kafin a buga, ana gwada zanen a kwamfuta da ƙarfin cizo, a ƙara kauri inda nauyi ya taru, yawanci a kusurwar da ke ƙasan kunne. Sannan na'ura ta narkar da garin ƙarfen da hasken leza, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta kai kaurin gashi ba.

Babban amfanin saurin manhaja lokaci ne. Ƙari ba ya jira: idan makonni da yawa suka wuce tsakanin hoto da fiɗa, jagorar ba za ta zauna a kan ƙashin ba, sai an sake hoto. Yara kuma, irin waɗanda ciwon iska, wato cutar noma, ya ci wa fuska, lissafinsu daban ne, don ƙashinsu na girma, ƙarfe ba ya girma.

Kafin likita ya sa hannu a kan zane, ya duba kan muƙamuƙin nan da kuka taɓa ɗazu. Idan ya goce daga gurbinsa ko da ƴan milimita ne, haƙora ba za su haɗu ba, majinyaci zai warke amma tuwo ma sai ya sha wuyar taunawa.