Direban tirelan da kisan budurwarsa da wasiƙar da ya rubuta wa ɗan'uwansa suka tona wa asiri

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau labarin Keith Jesperson ne, wani direban tirela a Amurka da ya riƙa kashe mata, kuma abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne shekara biyar titi yana rufa masa asiri, sai da abin ya taɓa mutanensa na jiki sannan dubunsa ta cika.

A watan Janairun 1990 aka tsinci gawar wata budurwa 'yar shekara 23, Taunja Bennett, kusa da kogin Kolumbiya a jihar Oregon. Ana cikin bincike sai ga wata dattijuwa, Laverne Pavlinac, ta ce wai saurayinta John Sosnovske ne ya kashe ta, daga baya ma ta ce ai da ita aka yi. Ƙarya ce fa. Ta gaji da zama da mutumin ne tana neman hanyar rabuwa da shi, to ƙaryar sai ta haɗa da ita, a 1991 kotu ta ɗaure su su biyun aka rufe fayil.

Nan ne abin yake min ciwo wallahi, don mai laifin na gaske, wato Jesperson, yana kan sitiyari hankalinsa kwance. Aurensa ya mutu, akwai 'ya'ya uku tsakaninsu, shi kuma yau yana Kalifoniya gobe Fulorida jibi Wayomin, ya ɗauki mace a wata jiha ya yar da gawarta a wata, 'yan sandan da suka tsinci gawar ba su san ko wace ce ba, na can inda ta fito kuma ba su ma san ta mutu ba, to wa zai haɗa wannan da wancan? Aƙalla mata 8 ya kashe a haka.

Mutumin nan har haushi yake ji wasu sun amsa laifinsa. Ya rubuta a bangon banɗakin wata tashar bas a Montana cewa shi ne, ba wanda ya kula. A 1994 ya aika wa jaridar The Oregonian wasiƙa da zanen fuska mai murmushi a jiki, babu suna.

Sai Maris 1995 ya kashe budurwarsa Julie Winningham a jihar Washinton. Ita kam ba baƙuwa ba ce, an san su tare, nan take 'yan sanda suka bi sawunsa. Da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa ya zayyana abin da ya yi, ɗan'uwan kuma ya miƙa ta ga hukuma, ku yi tunanin nauyin wannan, jininka ne fa. 'Yarsa Melissa lokacin shekararta 15.

Jesperson da kansa ya nuna inda ya jefar da jakar Taunja, aka je aka samu katin shaidarta, a Nuwamban 1995 aka saki Pavlinac da Sosnovske. Jesperson yana gidan yari a Oregon, rai da rai. A 2009 hukumar FBI ta bayyana wani shiri na musamman kan gawarwakin da ake tsinta a gefen manyan hanyoyi, lokacin ta haɗa bayanan mutum sama da 500, yawancinsu mata.