Amsoshin tambayoyinku: gida mai lamba 10 a titin Downing

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko ta zo ne daga wani malami a Maraɗi. Yana cewa: "Kullum ina ganin gidan firaministan Birtaniya a talabijin, ƙanƙane, baƙi ƙirin. Me ya hana su rushe shi su gina wanda ya dace da shugaba?"

To Malam, abin da kake gani fuskar gidan ce kawai. A ciki akwai ɗakuna kusan 100, domin gidaje uku aka haɗe wuri guda. Wani jami'in gwamnati, George Downing, shi ya gina jerin gidajen wannan titi na Landan tsakanin 1682 da 1684, kuma aikin ganin ido ya yi, don riba yake nema. Wurin fadama ne, harsashin bai yi zurfi ba. A 1732 Sarki George na Biyu ya ba Robert Walpole, wanda ake ɗauka a matsayin firaministan Birtaniya na farko, gidan, shi kuwa ya ce ba zai karɓa a matsayin nasa ba, sai dai ya zama na muƙaminsa. Aka ɗauko mai zanen gini William Kent ya haɗa shi da wani katafaren gida da ke bayansa, Walpole ya tare a 1735.

Baƙin nan ma ba asalin launinsa ba ne. Tubalin gidan ruwan ɗorawa ne. Hayaƙin kwal na Landan ne ya rine shi shekara da shekaru. An gano haka lokacin babban gyaran da aka fara a 1960, sa'ad da katakon ginin ya ruɓe, bango ya tsattsage, har firaminista Harold Macmillan ya kwashe kayansa ya koma wani gida. Da aka wanke tubalin, sai aka sake shafa masa baƙin fenti, tunda haka mutane suka san shi. Ni dai wannan ya fi komai burge ni. Rusawa ta fi sauƙi, amma suka zaɓi wahalar ƙarfafa harsashin da sake ɗora gidan a kan kamanninsa na da.

Ƙofar da kake gani kuwa ta ƙarfe ce mai jure fashewa. An sa ta bayan harin da IRA, ƙungiyar 'yan bindiga mai neman raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, ta kai a 1991, ta maye gurbin ta katako. Ba ta da kafar makulli ta waje, daga ciki ake buɗe ta.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ita ma ta tambaya ko akwai dokar da ke kare irin waɗannan gidaje. Akwai, Hajiya. Bayan ɓarnar da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka yi, dokar 1947 ta wajabta rijistar gine-ginen tarihi. Matakai uku ne, kuma gida mai lamba 10 yana mataki na ɗaya, wanda ya fi kowanne daraja. Gidan da ya shiga rijistar nan, ko naka ne na gado, ba ka da ikon rushe shi ko sauya tagoginsa da matakalarsa sai da izinin hukuma, in ka yi kuwa kotu ce za ta raba ku. Hukumar Historic England ce ke riƙe da rijistar.

Sai wasiƙa ta gaba.