Lacca: Maryam Babangida da Shirin Kyautata Rayuwar Matan Karkara

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena mata da sauran mahalarta, zan fara da abin da ba a cika faɗa ba, wato kundin tsarin mulkin Nijeriya bai san wani ofishi na uwargidan shugaban ƙasa ba. Ba a zaɓenta, ba a kuma rantsar da ita. Duk da haka, marigayiya Hajiya Maryam Babangida ta ɗaga wannan matsayi har ya zama abin da ba a iya kawar da kai gare shi.

An haife ta a 1948, mahaifinta mutumin Asaba ne, ta yi karatu a Kaduna, ta auri Ibrahim Babangida a 1969. Kafin mijinta ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, ta riga ta shugabanci ƙungiyar matan hafsoshin soja, kuma a ganina a can ta koyi yadda ake tara mata a kan aiki ɗaya.

A 1987 ta ƙaddamar da shirin Better Life, domin kyautata rayuwar matan karkara. Hujjarta a fili take: macen ƙauye ce ke noma, ita ke surfe da daka, ita ke ɗebo ruwa da itace, amma idan an zo rabon rance ko kayan aiki sai a tsallake ta. Saboda haka shirin ya dogara ga ƙungiyoyin gama kai, da injinan sarrafa amfanin gona, da azuzuwan yaƙi da jahilci, aka kuma ɗora wa matan gwamnoni nauyin gudanar da shi a jihohinsu. A 1991 an ba ta lambar yabo ta Afirka kan yaƙi da yunwa tare da Wangari Maathai ta Kenya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Masu suka sun ce matan manya sun fi matan ƙauye cin moriyar shirin, sun kuma tambayi inda kuɗin yake fitowa tun da doka ba ta tanadi ofishin ba. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne, an jingina shirin da kujerar miji, shi ya sa da Babangida ya sauka a 1993 sai ya dusashe, Maryam Abacha ta zo da nata shirin na tallafa wa iyali.

Abin da ya tsira shi ne wanda aka shigar cikin tsarin gwamnati. Hukumar Mata ta Ƙasa da aka kafa a 1989 ta zama ma'aikata a 1995, cibiyar raya mata ta Abuja kuma tana nan tana aiki, alhali ita Maryam Babangida ta rasu ranar 27 ga Disamba, 2009, a Amurka, aka binne ta a Minna. Allah ya jiƙanta.