Yawon buɗe ido a babban birni tare da yara 'yan shekara 9 zuwa 12

Assalamu alaikum. Iyaye mata, iyaye maza, sannunku da zuwa. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka zan shiga maganar kai tsaye.

Yaron da za mu yi magana a kansa yau ya wuce goyo, bai kuma kai saurayi ba. Yana karatu, yana lissafi, ƙafarsa na iya tafiya mai nisa, kuma ya fara jin kunya idan aka riƙe masa hannu a gaban mutane. A ganina babu shekarun da suka fi waɗannan daɗin tafiya da yaro, amma da sharaɗi guda: sai an ba shi aikin yi. Idan kallo kawai aka kai shi, kafin rana ta take za ku ji ya fara tambayar yaushe za a koma masauki.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya bayyana cewa daga kusan shekara 7 zuwa 11 hankalin yaro ya fi kama abin da zai iya taɓawa, ko ƙirgawa, ko aunawa. Ku gwada ku gani. Ka tsaya da ɗanka a gindin hasumiyar Eiffel a birnin Faris, ka ce masa an gama gina ta a 1889, zai gyaɗa kai ya manta. Amma ka ce masa matakala 674 ce daga ƙasa zuwa hawa na biyu, ka ce, "Zo mu hau mu ƙirga, mu ga ko gaskiya ne," to ka same shi. Zai yi haki, zai yi gumi, zai yi musu da ƙanwarsa a kan inda lissafi ya tsaya, kuma wannan hawan ne zai riƙa ba abokansa labari.

Saboda haka shiri daga gida yake farawa, da su ake yinsa. Kada a ce wa yaro, "Ina kake so mu je?" Bai san birnin ba, tambayar ta yi masa faɗi. A kawo masa wurare uku da ku iyaye kun riga kun amince da su, a nuna masa hotuna, ya zaɓi ɗaya. Kowane yaro ya samu nasa. Abin da nake roƙonku shi ne, idan lokaci ya ƙure aka ga dole a soke wani abu, kada zaɓin yaron ya zama na farkon faɗuwa. Yara na lura da wannan ƙwarai, kuma wanda aka cika wa nasa alkawarin zai yi haƙuri ya raka mahaifiyarsa inda take so ba tare da ɓata rai ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan gidajen adana kayan tarihi, domin a nan ne tafiyar iyali ta fi lalacewa. Gajiyar da ke kama mutum a irin waɗannan gidaje ba sabon abu ba ce. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan kayan zane na birnin Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kanta, ya nuna yadda mai kallo ke wahala da sunkuyo da durƙuso da miƙa wuya don ganin kaya. Babba ke nan. To ina ga yaro wanda rabin abin da aka ajiye ya fi ƙarfin tsawonsa?

Ɗauki gidan Louvre na Faris. Kowa na tururuwa zuwa gaban zanen Mona Lisa. Zanen nan tsawonsa santimita 77 ne, faɗinsa 53, yana bayan gilashi, ga cunkoso, kowa ya ɗaga waya. Ɗan shekara 10 bayan mutane kawai zai gani. Ban ce kada a je ba, amma a leƙa a wuce, a kai shi sashen kayan tsohuwar Masar inda zai samu sarari ya tsaya.

Ga yadda nake so a yi. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai dutsen Rosetta, wanda aka gano a Masar a 1799, kuma da taimakonsa ne Bafaranshe Champollion ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Baƙin dutse ne, gefensa a karye. Idan yaro ya zo haka kawai, daƙiƙa biyar ta ishe shi. Amma tun a masauki ka gaya masa magana ɗaya ce aka rubuta a kansa da rubutu iri uku, kuma a rubutun da ke sama, duk inda sunan sarki ya fito an kewaye shi da wani dogon zobe. Ka ce ya nemo maka zoben. Za ka ga ya kutsa gaba, ya kusa manna hanci da gilashi, yana bin layi da yatsa. In ya gano, shi zai jawo ka ka zo ka gani. Abu biyar ko shida irin wannan sun isa a ziyara guda, awa ɗaya da rabi a fito, tun yana so a ƙara. Shiga wannan gida kyauta ne, haka ma gidan tarihin halittu na Landan, inda aka rataye ƙwarangwal ɗin dabbar teku da ta fi kowace dabba girma a duniya, mai tsawon mita 25. Tunda ba a biya ba, fita da wuri ba asara ba ce, ana iya komawa washegari.

Ba sai gidan tarihi ba ma. Wuraren da yaran nan suka fi so su ne inda ake hawa sama, ko a gangara ƙarƙashin ƙasa, ko a tsallaka ruwa. A Istanbul akwai wani tsohon rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa da aka gina a ƙarni na 6, zamanin sarki Justinian. Ginshiƙai 336 ne a tsaye cikin ruwa, wurin da sanyi da duhu-duhu, ruwa na ɗiga daga sama. A can ƙurya akwai ginshiƙai biyu da aka ɗora a kan manyan kawunan dutse, ɗaya an kifa shi, ɗaya an kwantar da shi a gefe. Ka bar yaro ya nemo su da kansa, sannan ka tambaye shi dalilin da yake jin ya sa magina suka ajiye su haka. A wannan birnin kuma, jirgin ruwan da ma'aikata ke shiga kullum zai ɗauke ku daga nahiyar Turai ya sauke ku a nahiyar Asiya cikin 'yan mintoci. Ga yaro, abin hawa kansa wurin kallo ne. Ka miƙa masa taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka ce shi ne jagora yau, ya faɗi inda za a sauka da inda za a canza. Ko ya ɓatar da ku tasha ɗaya, a bar shi ya gyara da kansa.

Sai batun jiki. Masana barci a Amurka sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Tafiya ba ta rage wannan buƙata. Yawancin abin da muke kira taurin kai a hanya, yunwa ce da rashin barci. Shi ya sa nake ba da shawarar babban wuri ɗaya a rana, da safe, lokacin da jiki ke da ƙarfi kuma layi bai yi tsawo ba. Da rana a ci abinci, a huta. Da yamma a nemi fili ko lambu su yi gudu. Wani zai ce ai sun yini suna tafiya. Tafiyar sannu-sannu a bayan manya tana gajiyar da ƙafa ne kawai, ƙarfin da ke cikin yaro yana nan bai fita ba. Ruwa da ɗan abin taɓawa kada su bar jaka, takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi.

Maganar kuɗi da takardu zan wuce ta da sauri, amma ku rubuta. Shekarun nan suna kan iyakar rangwame. A yawancin kamfanonin jiragen sama, wanda ya cika shekara 12 kuɗin babba zai biya. A Landan yaron da bai kai 11 ba yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta idan yana tare da babban da ya biya. A Louvre duk wanda bai kai 18 ba ba ya biyan kuɗin shiga, don haka a riƙe shaidar shekarunsa. Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, gidajen tarihi da yawa a Turai kuma Litinin suke hutu. Wurare masu cunkoso suna sayar da tikiti mai lokaci a intanet, a saya tun kafin a tashi. A duba fasfon kowane yaro, domin ƙasashen Turai na yankin Schengen, wato waɗanda ake shiga da biza ɗaya, suna so wa'adinsa ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar da za a bar yankin. Idan uwa ko uba ne kaɗai zai yi tafiyar da yaran, takardar amincewar ɗayan na iya hana dogon bayani a filin jirgi. Kowane yaro kuma a ba shi ɗan kuɗin kashewa a hannunsa na duk tafiyar, ya san in ya ƙare ya ƙare.

Akwai abu guda da ba na so a yi wasa da shi. Kafin a fita ranar farko, a zauna a yi maganar ɓata. Kati mai sunan otal da lambar wayar iyaye ya kasance a aljihun yaro. Idan ƙofar jirgi ta rufe yana ciki ku kuna waje, ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya nan. Idan shi aka bari a tasha, kada ya motsa, za a dawo masa. Wanda zai nemi taimakonsa shi ne ma'aikaci mai sanye da yunifom, ko mace mai yara. A sa shi ya maimaita da bakinsa.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, Hajiya.

(Wata uwa ta yi tambaya a kan waya: a karɓe ta a lokacin tafiyar, ko a bar wa yaro?)

Hajiya, idan kika karɓe gaba ɗaya, rigimar wayar ce za ta cinye miki hutun. Ni abin da nake gani, a waje wayar ta zama kayan aiki. Shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai duba hanya. Ki ce masa kullum da dare zai zaɓi hotuna uku ya gaya wa kowa dalilin da ya sa ya ɗauke su. Wasan waya kuma a ware masa lokacinsa, a dogon layi ko bayan an koma masauki, a faɗi tsawon lokacin tun a gida, ki tsaya a kai. Ku ma iyaye, a wurin cin abinci taku ta shiga jaka tare da tasa. Akwai wata tambayar?